Dalmar da Kawu Ya Ɓoye

Daura

Ana sallame sallar asuba na fito da kayana ƙofar gida. Ni mai nutso ne, a Legas nake aikin gyaran ƙarƙashin jiragen ruwa, hutu ne ya kawo ni gida. Kawu Lawal, ƙanen mahaifiyata, shi ya matsa in zo ƙauyensu bayan Mai'adua. Bakin bututun da ke jawo ruwa daga madatsa zuwa gonakin rani ya toshe, albasarsu ta fara kwanciya, masunta kuma sun kasa kaiwa zurfin wurin.

Inna ta rako ni zaure. Ta ɗaga jakar da na zuba dalma, ta dire da sauri.

"Wannan kuma fa, Bashir?"

"Ita ke sa in nutse, Inna."

Ta dube ni, ta dubi jakar, ta ce Allah ya tsare.

A tasha direba ya ga tukunyar iskar da nake numfashi da ita a ƙarƙashin ruwa ya ja baya. "Malam, gas ba ya shiga motata!" Sai da na buɗe masa ya shaƙa ya ji iska ce zalla. A shingen jami'an tsaro ma haka muka sake yi, har wani ya gwada takalmin nutson a hannu yana tambaya ko na agwagwa ne.

Mai'adua

Na karya da koko da ƙosai a bakin kasuwa, na hau babur. Tukunya a cinyata, jaka a baya, hanya duk rairayi. Sau biyu na sauka muka tura.

Bakin madatsa

Kawu ya tarbe ni da fura, ya zagaya da ni gonarsa. Ganyen albasar ya yi rawaya daga sama. Raina ya ɓaci ƙwarai, don na san da ita yake ciyar da gidansa har damina.

Na shirya kaya a gindin mangwaro. Na ɗaure tukunya a bayan rigar nutso, na daidaita ta yadda ba za ta bugi ƙeyata ba, na zuba dalma a aljihunan rigar, hagu da dama daidai wa daida, don kar in karkace. Na rage kaɗan daga wadda nake sawa a Legas, saboda ruwan teku mai gishiri ya fi na madatsa ɗaga mutum. Kawu na tsaye yana kallo. Nan masunta kan gora suke hawa don kar su nutse, ba su taɓa ganin wanda ya ɗaura wa kansa nauyi zai shiga ruwa ba. Aka kira azahar, na bar kayan na tafi masallaci.

Da na dawo na saka riga, na ja maɗaurin ƙugu da na kafaɗa, na shiga. Na sace iskar rigar duka, na fitar da numfashi. Shiru, ban nutse ba. Na kifa kai na yi ta harba ƙafa, ruwa ya dawo da ni sama, ɗuwawu a gaba. Mutanen bakin gaɓa suka kwashe da dariya. Ni kuwa ba dariya nake ba, don tukunya ɗaya gare ni, babu inda zan ƙara mata iska a duk ƙasar Daura, ga allurar agogonta tana sauka a banza.

Na fito na zuge aljihu. Totuwar masara! An cusa ta tsaf a madadin dalmata.

"Kawu!"

Ya sunkuyar da kai. "Ni ne. Wa zai ɗaura wa ɗan 'yar'uwarsa ƙarfe ya tura shi ruwa? Gara albasar ta ƙone."

Fushina ya sauka nan take. Na zaunar da shi na nuna masa: ga igiyar da zan ja dalma ta zube, ga maɓallin da ke hura rigar ta ɗago ni. Ya ce in gwada a gabansa. Na gwada. Sannan ya zaro dalmar daga aljihun rigarsa, ya mayar da ita aljihunan rigata da hannunsa.

A ruwa mara zurfi na auna kaina. Da numfashi a ƙirji ruwa ya tsaya daidai idona, da na fitar na fara sauka a hankali. Haka ake so. Na bi bututun da lalube, don laka ta rufe ido. Tsohuwar komar kamun kifi ce da buhunan taki suka naɗe bakin. Na yanke su da wuƙa, na taso iskata saura kaɗan. Kafin in cire takalmi na ji ihu daga gonaki, ruwa ya shiga kwalbati. Kawu ko kallon wajen bai yi ba, ni yake shafawa.

Komawa gida

Na iso Daura kafin magariba da buhun albasar bara, kyautar manoma. Allah ya saka musu da alheri, da direba da mai babur da suka yi haƙuri da kayana. Inna na zaune a zaure inda na bar ta, carbi a hannu.

"Ruwa ya zo, Inna."

"Ba ruwa na tambaye ka ba. Lawal ya cire maka ƙarafan nan kamar yadda na ce masa a waya?"