Irin da Malamin Gona Bai Gama Mayarwa Ba

Malamin gona ba ya yabon ƙwayar masara sai ya sa ta a haƙori. Ko a tsakiyar kasuwa ne, zai ɗauki guda ya ciza, sannan ya yi magana. Matarsa takan ce wata rana haƙoran nan za su kai ƙararsa. Da cizon nan manoma suka san shi, saboda shi kuma suke jin maganarsa.

Sau ɗaya ne bai ciza ba. A waccan shekarar ofishinsu ya aiko da sabon iri, an shafe ƙwayoyin da jan magani, ba a sa su a baki. Tare da buhunan akwai rahoto mai kauri da wani Dakta na jami'a ya rubuta, cewa an gwada irin a ƙasarsu damina bayan damina, kuma ko ruwa ya ɗauke da wuri zai yi. Malamin gona ya tuna Daktan. Ya taɓa zuwa, ya tsaya a bakin gona aka ɗauke shi hoto, ya koma mota takalminsa fes. Sai malamin gona ya ce a ransa, wataƙila a wasu gonakin aka yi gwajin.

Manoma suna da tsohon irinsu, gajere, mai jure ƙishi, wanda kowane gida ke ratayewa a hayaƙin madafa. Wani dattijo da kowa ke kira Kawu ya ce shi rabi da rabi zai shuka.

"Kawu, kada ka haɗa," in ji malamin gona. "Iska za ta kwaso garin furen tsohon ta ɓata sabon, har na maƙwabtanka."

"To in naka ya ƙi fa, ɗana?"

"Masana sun gwada. Ga shi a rubuce."

"Uhm," in ji Kawu. "Tunda kai ka faɗa."

Gida gida malamin gona ya bi, har aka sauke tsohon irin aka niƙa aka ci. Ruwa ya ɗauke masara tana shirin goyo. Kara ya yi tsawo, ya yi kyau a ido, ya bushe a tsaye. Abin da ya biyo baya, waɗanda suka gani ba su cika son maimaita shi ba. Awaki aka fara sayarwa, sannan katifu. Samari suka tafi, wasu har yau. Gidan Kawu, da ba a jin magana saboda hayaniyar jikoki, ya yi tsit.

Sai daga baya, da rigimar ƙarin girma ta tashi a jami'ar, abokin aikin Dakta ya fasa maganar: ba a yi wani gwaji ba. Binciken wasu mutane ne a ƙasa mai yawan ruwa Dakta ya kwafe, ya canza sunan wuri. Aka janye rahoton a asirce. Dakta ya koma wata jami'a, an ce ofishinsa na yanzu ya fi faɗi.

Manoma ba su san Dakta ba, malamin gona suka sani. Suka sa masa suna Sabon Iri.

"Sabon Iri, yau me takarda ta ce? Mu ci, ko mu jira ta nuna?"

Yakan wuce abinsa. Ya ajiye aiki, ya shiga neman tsohon irin, har ya samu cikin tafin hannu wajen wata tsohuwa a bayan duwatsu, inda babur ɗinsa bai taɓa iya kaiwa ba. Ya shuka a bayan gidansa. Don kada iska ta gurɓata shi, kowane goyo sai ya rufe shi da jakar takarda, ya ɗaure, ya zuba masa garin fure da hannu. Matarsa ce ke ɗinka jakunkunan daga shafukan rahoton. Ta ce takardar tana da kauri, wannan kam ba za a ƙi mata ba.

Duk kaka yakan kai wa 'yan gidaje kofi ɗaya ɗaya. Ranar da ya je wa Kawu, tsohon ya daɗe yana kallon ƙwayoyin.

"Ciza min. Ni nawa haƙoran sun riga ni tafiya."

Ya ciza. "Shi ne, Kawu."

Kawu ya karɓa, ya shiga ciki. Bai gode ba, bai kuma kira shi da sunan nan ba.

Daminar bana matarsa ta kai masa ruwan sha, ta same shi kwance tsakanin kunyoyi, rai ya yi halinsa, zare naɗe a yatsansa. Gidajen ƙetaren rafi ko ɗaya bai kai musu ba tukuna. Rabin gonar an ɗaure mata jakunkuna, rabin yana buɗe, ga iska tana kaɗowa daga gonar maƙwabta.