Ruwan Ranar Talata

Ƙauyen Gwaggo, shida da rabi na safe

Na ajiye moɗa ke nan Gwaggo Hanne, ƙanwar mahaifina, ta fito ta ga randa cike. Ba ta amsa gaisuwata ba. Ta ɗebo ruwan ta shinshina.

"Daga ina?"

"Kogi, Gwaggo. Na ce in hutar da ke."

"Yau fa Talata! Kin sha?"

Moɗa biyu na sha. Ashe ranar Litinin kasuwar garin da ke sama da su take ci. Da an tashi, mahauta su wanke mayanka, marina su zubar da ruwan rini, kwatar gari ta kwaso komai zuwa kogi. Kowace mace a ƙauyen ta san ba a ɗiban ruwa ranar Talata. Ni baƙuwa ce daga Limawa ta Dutse, kwanana biyu, da cikin fari wata shida. Na tarar da bakin kogi ba kowa, har ina murna na riga su.

Na dafa cikina. Shiru, ba motsi. Gwaggo ta cika wata gora da ruwan ta ce, "Ɗauko mayafinki. Katin awonki yana Dutse, can za mu."

Hanyar Ringim, bakwai da minti goma

Malam Sale, maƙwabcinta, ya ɗauke mu a babur. A bayan garin kasuwar muka wuce tafki uku a jere, wari ya doke ni.

"Nan ya kamata ruwan kwatar ya kwana," in ji shi. "A na farko datti ya kwanta, a na biyu rana ta gasa shi, a na uku ciyawa ta tace. Damina ta fasa gefen na farko, yanzu ko sallama ba ya tsayawa yi."

"Gayyar da kuka ce za ku yi fa?"

"Ana shawara, Gwaggo."

"Ku ci gaba. Mu muna sha."

Ringim zuwa Jahun

Minti arba'in muka yi a tasha kafin mota ta cika. A shingen Gujungu ɗan sanda ya hango gorar a cinyar Gwaggo.

"Hajiya, fetur ne?"

"Buɗe ka sha, ɗan nan."

Ya buɗe, ya yi maza ya rufe, ya ɗaga mana hannu. Duk mota aka yi dariya ban da ni. Kafin Jahun na yi amai sau ɗaya. Wata tsohuwa a gefena ta dubi hannuna da ya ƙi barin cikina.

"Na fari ne?"

Na sunkuyar da kai don kunya. Ta miƙo mini dabino uku. "Ci. Zaƙi yana tashinsu."

Na ci. Har muka wuce Kiyawa ba motsi.

Dutse, sha ɗaya da kwata

Ma'aikaciyar asibitin ta shinshina gorar, ta ture ta can. Ta ɗebi jinina, ta kwantar da ni, ta shafa wani mai sanyi a cikina ta ɗora na'ura. Da farko shuuu kawai nake ji. Sai ga wani bugu, da sauri da sauri.

"Kin ji shi? Barci yake abinsa. Ke ce kika hana kanki sukuni."

Duk da haka ba ta sallame ni ba. Ta haɗa mini ruwan gishiri da sukari, ta ce za ta ga ko zawo zai biyo baya. Ƙarfe huɗu da minti goma ta dawo da takarda.

"Ke da shi lafiya lau. In kin ji zazzaɓi ki dawo."

Na gode wa Allah, na gode wa Malam Sale da tsohuwar da ban san sunanta ba. Har yau sai na shinshina ko ruwan famfo ne. Gwaggo kuwa ta ƙi yarda a zubar da gorar. Ta ce a gaban masu shawara za ta dire ta, da moɗa.