Zagayen da Yaya Isiyaku Bai Saya Ba

Shekara biyar ke nan da rasuwar yayana, Malam Isiyaku malamin dabbobi. Ya rasu a shekarar da annobar korona ta sa aka rufe kasuwanni aka taƙaita taro, shi ya sa mutumin da ya yi wa shanun Roni da Gwiwa da Babura allura tsawon rayuwarsa, 'yan sahu kaɗan ne suka tsaya a kansa. Allah ya jiƙansa, ya sa can ta fi masa nan.

Ni na miƙe a wurin jana'iza na yi sanarwar da aka saba, na ce duk wanda ya san yana bin marigayi bashi ya same ni. Ba wanda ya zo, don Yaya ba ya kwana da haƙƙin mutum. Amma ina faɗa zuciyata tana nauyi, domin na san akwai mutum guda da shi marigayin ya ɗauka yana binsa, kuma muryata ba za ta kai inda yake ba. Yana Ingila.

Ga yadda abin ya faru. A shekarar da aka cire Jigawa daga Kano, aka tura Yaya kwas na 'yan watanni kan lafiyar shanun madara. Ba Landan aka kai shi ba, wani ƙauye ne na manoma, ga sanyi ga ruwan sama ba ɗaukewa. Aka haɗa shi da wani likitan dabbobi Bature mai suna Debid, wanda Yaya ya mayar Dauda tun ranar farko. A duk ƙauyen wuri ɗaya ne ake samun abinci mai zafi, wato gidan da suke kira fob. Ba zan rufe ku ba, mashaya ce, giya ake sayarwa. Amma a can ita ce dandalin gari kuma ita ce teburin mai shayi. Nan ake cinikin maraƙi, nan ake jin wanda ya rasu da wanda aka haifa.

Yaya ya ce da ya tsaya a bakin ƙofar ya ji warin wurin, sai da ya yi ta'awwuzi. Yunwa da sanyi suka tura shi ciki. Nama bai taɓa ci ba, tunda bai san wa ya yanka ba. Kifi soyayye da dankalin Turawa ya yi ta ci har ya dawo, ya ce ya ci kifin da ya fi na dam ɗin Kazaure yawa. Abin shansa kuwa ruwan lemo. Dauda ne ya fara saya masa, ya zaunar da shi a teburinsu kusa da murhu, tare da wasu manoma abokansa.

Da ya dawo, ni kaina na yi masa musu a kan wannan zama. Tare muka yi karatu a zaure ɗaya, na san abin da aka karantar da mu game da zama inda ake shan abin da Allah ya haramta. Bai kare kansa da yawa ba. Ya ce lalura ce, Allah ya san abin da ya shiga cikinsa, kuma yana neman gafara. Bai taɓa yabon giya ba. Yakan ba da labarin wani magidanci da ake kinkima a kai shi gida, ya girgiza kai. Abin da ya burge shi daban ne. Ya ce a teburin nan mai gona da ɗan ƙodagonsa kafaɗa da kafaɗa suke zama, ba mai durƙusa wa wani. Kowa da ƙafarsa yake zuwa wurin mai sayarwa, ya tsaya a bi layi. Wanda matarsa ta mutu ba a barinsa ya ci abinci shi kaɗai.

To, akwai wata al'ada tasu da ba wanda ya gaya masa. Idan mutane suka zauna teburi ɗaya, ɗaya zai tashi ya saya wa kowa abin sha. In an shanye, na kusa da shi ya tashi. Haka za a yi ta zagayawa kamar adashi, ba a rubutawa, ba a tuni, amma kowa yana lura. Yaya ya ga ana ta ajiye masa kofi, ya ce kai, mutanen nan akwai karamci. A tarbiyyarmu baƙo ba ya sa hannu a aljihu a gaban mai masaukinsa, ƙarami kuma ba ya biya wa babba, raini ne. Shi ne baƙo, shi ne ƙaraminsu. Sai ya riƙa yin abin da ya dace a Roni: ya karɓa da hannu biyu, ya yi godiya, ya sa albarka. Wata da watanni yana haka.

Sai a jirgin dawowa wani ɗan Legas da suka yi kwas tare ya warware masa. Ya ce, "Malam, kana nufin ko sau ɗaya ba ka saya musu ba? Ai a can wanda ya sha zagayen mutane bai saya ba, ba sunan da ya fi nasa muni." Yaya ya ce ji ya yi kamar ya ce a juya jirgin. Rashin sani ya fi dare duhu. Mutumin da almajiran unguwa da baƙin kasuwa suka san ƙofar gidansa, ga shi ya bar sunan marowaci a wata ƙasa, kuma ba sunansa kaɗai ba, don shi ne Bahaushe na farko kuma Musulmi na farko da suka taɓa zama da shi.

Ya kai maganar gaban malaminmu. Malam ya ce kyauta ce, ba bashi ba, ya kwantar da hankalinsa. Yaya ya ce, "Allah gafarta Malam, bikin da mata ke yi wa juna ma kyauta ake ce masa, amma wadda ba ta rama ba ta san abin da ta yi." Malam ya yi dariya ya ce to ya rama, amma ban da giya. Nan gizo ke saƙa. Ya taɓa aika kilishi ta gidan waya, aka ce ba a shiga da nama ƙasar, ko ƙamshinsa Dauda bai ji ba. Kuɗi kuwa ya ce ba zai aika ba, don zagaye ba kuɗi ba ne, tashi ne mutum ya yi da ƙafarsa ya ɗauko wa 'yan'uwansa. Komawa Ingila kuma Allah bai nufa ba.

Abin da ya iya shi ne ya kawo al'adar gida. A teburin mai shayi na bakin tasha, in ya zauna sai ya ce, "Yau zagayena ne, gobe na Tanko direba." Dattawa suka ce wannan bidi'a ce, yaro ya saya wa babba shayi? Ya ce ai shi ya sa yaro ba ya sakewa a gabanku. A hankali abin ya zauna, har masinjan ofishinsu yana saya wa shugabansa shayi da burodi, ana raha.

Ina tunanin abin da zai ce da ya ga yau. Wuraren cin abinci sun yi yawa a Kazaure, da fitilu da kujeru masu kyau. Amma sai ka ga samari huɗu a teburi ɗaya, kowa ya sunkuya a kan wayarsa, in an gama kowa ya tura kuɗin farantinsa shi kaɗai. Tsadar rayuwa ce, ban zarge su ba. Na dai san Yaya zai ja kujera ya zauna a tsakiyarsu ya tambayi wane ne da zagaye.

Bara 'yarsa Hajara, wadda ke aikin jinya a Ingila, ta kira ni. Ta ce, "Baffa, maganar nan ta Baba ta hana ni sakat. Na bincika, Dauda yana da rai." Ranar wata Lahadi da rana, lokacin da iyalai ke zuwa cin abinci, ita da maigidanta suka shiga jirgin ƙasa suka je fob ɗin. Ta kira ni ta waya irin wadda ake ganin juna. Ga Dauda ya tsufa yana dogara sanda, ga wasu tsofaffi biyu da suka rage daga teburin. Da ta gaya masa rasuwar, ya cire tabarau. Sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, ta ce za ta saya wa kowa abinci da abin sha da sunan mahaifinta, amma ban da giya.

Ita ke fassara mini. Dauda ya ce, "Mun yi gulmarsa makon farko, ba zan yi ƙarya ba. Daga baya muka ga yadda yake karɓar kofi da hannu biyu, muka gane ba rowa ba ce." Ya juya ga abokansa ya ce kowa ya ture kofinsa, yau abin shan Isiyaku za a sha. Ɗaya daga cikin tsofaffin ya yi gunaguni ya ce, "Shekara talatin ina jiran mutumin nan, ashe ruwan lemo zai saya mini!" Aka yi dariya. Hajara ta tashi da ƙafarta, ta bi layi, ta ɗauko musu.

Na ce ta tambaye shi ko ya yafe. Ya ɗaga kofin saitin wayar ya ce, "Gaya wa baffanki ba abin yafewa. Ya makara, amma ya saya."

Shanun da Yaya ya yi wa allura sun daɗe da ƙarewa, ofishinsu ma an canja masa fasali. Abin da ya rage shi ne halin mutumin da malami ya ce masa ba a binka komai, amma ya ƙi yarda, don yana auna haƙƙi da ma'aunin wanda ya ba shi, ba da nasa ba. Ya bar 'ya mai irin wannan hali, wannan kuwa ya fi gona.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na je maƙabarta da safe. Na yi sallama, na yi masa addu'a, sannan na ce, "Yaya, Dauda ya karɓa."