Ranar da Bakin Doña Eustolia Ya Ƙi Cewa Finada

A ƙauyenmu da ke gindin duwatsun Oaxaca a ƙasar Meziko, ka zagi mamaci iya son ranka, amma kada ka kuskura ka kira sunansa tsirara a gaban Doña Eustolia. Sai ka fara da finado, wato marigayi, ko finada in mace ce, ka rufe da "Allah ya ba shi hutu". Ita ke jan addu'a a duk gidan da aka yi rasuwa, da safe kuma tana sayar da tamal, wani irin alalen masara, a ƙofar coci, don haka ba inda kunnenta ba ya kaiwa.

Ba wai tana raga wa matattu ba ne. "Finado Melquíades, Allah ya ba shi hutu, ɓarawon awaki ne na ƙin ƙarawa," haka za ta ce tana naɗe tamal a ganyen ayaba. In an ce mata ai wannan gulma ce, sai ta ce, "Gulma ce mai ladabi. Sai da na sa masa hula kafin na dungure shi." Har Fada ta taɓa gyara wa magana a tsakiyar wa'azi.

Abokiyar faɗanta ita ce maƙwabciyarta Nicanora. Shinge ne ya raba su, da wani lemun tsami mai gindi a gidan Nicanora, rassa a gidan Eustolia. Tun suna amare suke rigima a kansa, da kan kajin Nicanora masu tsallakowa cin masara.

"Nicanora, zo ki kwashe 'ya'yanki kafin in yi miya da su!"

"Yi mana. Wa zai iya cin miyarki?"

Da damina Nicanora ta kwanta, kwanciyar da ba ta tashi ba. Eustolia ce ta shirya gawar, ta zana gicciye da farar ƙasa a inda aka shimfiɗe ta, ta soma jan addu'ar kwana tara. Ko ɗigon hawaye ba a gani ba. Abin da aka gani shi ne, matar da ta hana gari sakat tana cewa "Nicanora ta bar mini kaji", haka tsirara. A wajen addu'a kuma sai ta ce "baiwar Allah nan", ta wuce.

Waɗanda suka sha dunguri suka samu abin yi. Mai shago ya ce, "Doña, wace Nicanora? Ba ki manta komai ba?"

"Na manta in gaya maka sikelinka maƙaryaci ne."

Anselmo, ɗan Nicanora, wanda Eustolia ta riƙe ranar baftisma, shi abin bai ba shi dariya ba. Ranar tara ake share gicciyen, a kai ƙurar kabari, a kira mamaci da sunan da ya dace a sallame shi. In ba haka ba, tsofaffi sun ce rai ba zai samu hanya ba.

"Inna, kin sallami ɓarawon awaki, kin sallami kowa," in ji shi. "Uwata kaɗai za ki bari a hanya?"

Eustolia ta kalli shingen. "In na faɗa, ta tafi ke nan," ta ce. "Ni da wa zan yi faɗa?"

Ranar tara da la'asar ɗaki ya cika. Eustolia ta durƙusa da 'yar tsintsiya, ta kawo daidai wurin kiran suna, ta yi shiru. Sai ga wata jar kaza ta shigo abinta, ta nufi furannin da ke gefen gicciye. Kafin ta ankara baki ya riga ta: "Nicanora, zo ki kwashe..."

Ta tsaya tana jiran amsa, mu ma duk muka jira tare da ita. Ba wanda ya amsa, kuma a nan ne ta yarda.

"Finada Nicanora," ta ce, "Allah ya ba ta hutu. Marowaciya ce, ko lemo ɗaya ba ta taɓa ba ni ba, sai da na sata."

Ɗaki ya kwashe da dariya, ita kuwa ta fashe da kukan da ta riƙe. Kazar tana gidanta har yau tana cin masara, ba a yi miya da ita ba.