Jan Fenti a Jikin Uwar Giginya

Ni ban taɓa son malaman daji ba, kuma ban ɓoye musu ba. Tun ranar da hukumar En'e ta kafa duwatsun iyaka ta ce fadamar bayan unguwarmu, ta hanyar Bangi, ta zama gandun daji, na sa musu ido. Doka ba ta hana mu shiga ba. Abin da ya faɗo ƙasa namu ne. Abin da ke tsaye kuwa sai da takarda.

Sana'ata muruci ce. Da bazara in tsinto 'ya'yan giginya, in binne ƙwallayen a rami bayan gida, damina ta sauka a kansu, da kaka in tone in dafa in kai kasuwar Kontagora. Gishirina da zanen sallata duk daga nan suke fitowa. Giginya kuwa akwai mace akwai namiji. Macen ce ke 'ya'ya, namijin shi ake farkewa a yi azarar rufin soro. Matan da nake tsinta a gindinsu suna wuri ɗaya a bakin rafi, babbar cikinsu Uwa nake ce mata.

Ba a daɗe da samun mulkin kai ba aka kawo mana sabon malamin daji, saurayi mai gajeren wando da keke. Gari na ta gini, masu azara sun karɓi takarda, malamin ne mai shafa jan fenti a jikin giginyar da za a sare.

Wata safiya na je itace, sai ga ja a jikin Uwa, ja a jikin 'yan'uwanta duka. Babban masu azara, wani tsohon Bakambare maƙwabcinmu, yana zaune yana wasa gatari.

Na ce, "Baba, har kai ba ka san mace ba?"

Ya ce, "Na santa. Azararta ma gara ke cinyewa. Amma takarda ta ce mai ja, ni kuma mai ja zan sare."

Na sauke igiyata, na jingina bayana da Uwa, na miƙe ƙafa. Na ce to ya fara ta kaina.

Rana ta ɗaga kafin malamin ya iso. Ya jingine keke ya gaishe ni da ladabi, wannan kam ba zan hana masa ba.

"Inna, lafiya kika tare aikin hukuma?"

"Ɗan nan, da me ka zaɓe su?"

Ya zaro igiyar awo daga aljihu, ya rungumi Uwa ya zagaya ta da ita, ya ce duk wadda kaurinta ya kai haka ta isa sara.

Na ce, "Ka gama rungumar Uwa? To ɗaga kanka."

Ya ɗaga har hularsa ta faɗi. Ga 'ya'ya nan ɗanye shar, sun yi cunkus a wuyanta. Masu azara suka bushe da dariya, ɗaya har da buga ƙafa. Shi ma ya yi dariyar, ya ce gaskiya gindi aka koya masa dubawa. Na gyara zama, na san na ci.

Amma bai tafi ba. Ya zagaya gindin a hankali yana duba ƙasa, ya gangara har bakin rafi ya dawo.

"Inna, Uwa kika ce? To ina 'ya'yanta? Ban ga ƙaramar giginya ko ɗaya ba."

 Tsohon Bakambaren ne ya amsa masa. "Suna kasuwa, Malam. An dafa su."

A rayuwata ba a cika rufe mini baki ba, amma ranar an rufe. Shekara da shekaru ƙwallo ɗaya bai taɓa kwana a gindin nan ba, ni ke kwashewa tas.

Ya ce zai kankare fentin, in na yarda duk kwandon da na ɗauka in binne kaɗan a cikin gandu in bar su su tashi.

Na ce, "Da ni za ka yi ciniki?"

Ya ce, "Da ke, Inna."

Na yi tsaki, na ce ya kawo wuƙar. Shi ya kankare na sama, ni na kankare na ƙasa. Daga nan na bi shi ina nuna masa tsofaffin mazan, yana shafawa. Ya hana a sare su duka, wai mace ba ta 'ya'ya in ba namiji kusa. Na ce wannan ba sai an je makaranta ba.

Na binne kuwa. Wahalar ba binnewar ba ce, gadin ne. Da kaka ta yi, matan unguwa suka gane akwai muruci a gandu ba mai shi. Na kori uku da sanda. Ni kaina na taɓa tsugunawa a kan wani da ya yi ƙiba, hannuna har ya shiga ƙasa, na tuna idon yaron nan, na mai da ƙasar.

Lokacin da aka ce mun koma Jihar Neja, malamin ya daɗe da barin garin, ƙananan da na binne kuwa ganyensu ya wuce kaina. Uwa tana nan tsaye. In ka duba da kyau, akwai ɗan ja da ya rage can sama, inda hannunsa ya gaji.