Riƙo a Harsuna Uku

Na yi shekaru ina cin abinci da kalmomin mulki. Aikina fassara labarai ne daga Turanci zuwa Hausa, a wani tsohon gini da ke kudu maso yammacin Washington, kuma duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san rabin labarin duniya wani ne ya hau kan wani. Idan aka ce sojoji sun yi "take over", sai in rubuta sun ƙwace mulki. Idan 'yan tawaye ke da "control" na wani gari, in ce garin yana hannunsu. Babbar ƙasa kuwa in tana neman "dominate", in rubuta babakere, ko danniya idan na tashi da ɓacin rai. Ban taɓa rasa kalma ba. Hausa ba ta da talauci a wannan fanni, don mun ga mulki iri-iri.

A bayan teburina akwai wata dattijuwa 'yar Mozambik da ke fassara labaran nan zuwa harshen Fotugis. Kowa Dona yake ce mata, ita kuma ta ji abokan aikina na ce min Malam, ta ɗauka. Mu biyu ne ba mu fita cin abincin rana. Matasa su tafi yawonsu, mu buɗe 'yan kwanukanmu, ta juyo da kujera ta ce, "Malam, yau me ka yi da control?"

Wasanmu ke nan. In faɗa mata tawa, ta faɗa min tata. Nakan tsokane ta cewa harshensu rago ne, Turanci kawai suke sa wa wutsiya: controlar, dominar. Sai ta harare ni ta saman tabarau ta ce ai Turawan Ingila ne suka zo suka tarar da kalmomin a wurinsu. A wurinta na koyi cewa da dominar ake cin ƙasa da yaƙi, da ita kuma ake ƙwarewa a harshe. Kalmar mandar kuwa ba da umarni ce, amma da ita ake aika gaisuwa gida. Har Dona ɗin da muke kiranta, ashe ma'anarta mai abu, mamallakiya. Na ce mata shi ya sa ba a taɓa mata kofin shayi.

Ban cika ba ta labarin gidana ba, don babu yawa. Ina zaune a Sterling, wani gari a wajen Washington, ni da 'yata guda ɗaya tilo. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake kiranta Uwata. Babarta ta rasu yarinyar ba ta gama firamare ba, kuma a asibiti, lokacin da magana ta fara yi mata wuya, abin da ta ce min shi ne, "Ka riƙe min ita." To, na riƙe. Ni ne kai ta Islamiyya, ni ne zaman jira a mota a ƙofar wata mai kitso 'yar Kumasi. Na ƙone tukwane kafin in iya miyar da za ta ci ba ta yamutsa fuska ba. An yi ta yi min maganar aure a masallaci, na ce sai ta girma.

Ta girma ɗin, ta shiga jami'a a College Park, can ɗaya gefen Washington, ta koma ɗakin kwanan ɗalibai. Gida ya yi tsit, har ƙarar firji sai da na fara ji. Nakan kira ta da safe, in kira da yamma. Ran Asabar in cika kula da shinkafa da miya in kai mata. Akwai kuma wani abu a waya mai nuna inda mutum yake, ɗan ɗigo shuɗi a kan taswira. Ina fassara juyin mulkin wata ƙasa, ina leƙa ɗigon nan. In na gan shi a aji, hankalina ya kwanta.

Wata rana da la'asar na ga ɗigon a wata unguwa da ban sani ba. Na kira ba ta ɗauka ba. Na sake kira, na kira ƙawar ɗakinta, sannan na ɗauki mota. Ashe gidan wata 'yar ajinsu ne, karatu suke yi. Ta fito ta same ni a bakin titi, ƙawayenta na leƙe ta taga.

Na ce, "Uwata, ai sai ki ɗaga waya. Kin san halin garin nan."

Tana jin Hausa sarai, amma da Turanci take mayarwa, kamar sauran 'ya'yanmu na nan. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Baba, you are so controlling." Kafin in isa gida ɗigon ya ɓace daga wayata, bai kuma dawowa ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma na ji zafi. Kalmar da nake liƙa wa masu bindiga da masu kama-karya, ita 'yar cikina ta liƙa min. Na gwada mayar da ita Hausa ko za ta yi sauƙi. Mai danniya? Mai takurawa? Mai mulkin mallaka? Ba wadda ta yi kama da mutumin da ya ƙone hannu wajen soya albasa.

Washegari da rana na kasa ci. Dona ta lura, na ba ta labari a taƙaice, na tambaye ta yadda suke faɗin wannan kalma. Ta ce controlador, amma wannan kalmar takarda ce. Ta ce akwai wadda mutane ke amfani da ita a gida, tomar conta. Idan sojoji suka mamaye gari, an ce sun yi tomar conta da shi. Idan uwa tana rainon ɗanta, ita ma tomar conta take yi. Kalma ɗaya ce, ba a canza ko harafi.

Na ce, "To ta yaya kuke bambancewa?"

Ta ce, "Mai yi ba ya iya bambancewa, Malam. Wanda ake yi wa ake tambaya."

Na ji haushin amsar nan, na juya kujerata. Amma a jirgin ƙasa ina komawa gida sai na ga ashe mu ma haka muke. Wanda ya raini yaro mariƙinsa ne. Gwamnatin da ta hau ba zaɓe, riƙon ƙwarya take yi. Ana riƙe amana, ana kuma riƙe wuyan mutum. Matata ta ce in riƙe, ba ta samu lokacin gaya min yaushe ake saki ba. Ban ce na yi laifi ba, har yau ban ce ba. Na dai daina kira, na ce bari in ga ko ita za ta nema.

Takan nema jefi-jefi, saƙo gajere, lafiya lau, karatu da yawa. A cikin wannan tsakanin Dona ta yi ritaya, za ta koma Maputo wurin ƙanwarta. Ranar da ta kwashe kayanta ta bar min kofin nan nata, ta ce, "Toma conta de ti, Malam." Na tambayi ma'ana, ta ce abin da Amurkawa ke cewa "take care" ne. Daga ranar ni kaɗai nake cin abinci, ba mai tambayata me na yi da control.

Babbar Sallah ta matso. Tun da aka haife ta ba mu taɓa yin Sallah a rabe ba, don haka na sa rai cewa komai fushinta za ta zo. Ban tambaye ta ba, kada a ce na sake. Na sayo naman rago na soya yadda take so, da yaji a gefe. Na gyara ɗakinta. A masallaci bayan Idi kowa da iyalinsa ana ta ɗaukar hoto, wani dattijo ya ce, "Malam, ina 'yar tamu?" Na ce tana hanya.

Da azahar saƙo ya shigo. Ta rubuta, "Barka da Sallah, Baba," da Hausa, har da babban baƙi a inda ya dace. Sauran da Turanci ne: tana da aiki a ɗakin gwaje-gwaje, ba za ta samu zuwa ba. A ƙarshe ta ce, "Take care."

Mai fassara ba ya hutu. Kaina ya kai kalmar Fotugis, toma conta de ti, daga can ya dawo da ita Hausa: ka riƙe kanka. A wurinmu wanda ya riƙe kansa shi ne wanda ya daina jiran kowa.

Na rubuta, "Uwata, kina ina yanzu?" Na goge. Na rubuta, "Allah ya maimaita mana," na aika. Sannan na ga har na zuba naman a kula, mukullin mota yana hannuna. Hanyar College Park ko ido a rufe na san ta, kuma naman da ɗuminsa zai isa. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofa da babbar rigata. Daga baya na mayar da mukullin kan ƙusa, na sa kular a firji, na riƙe kaina.