Kafintan da Ya Yi wa Ɓeraye Ɗakuna

Apollos kafinta ne a Sangere, mutumin Numan, shekara ashirin yana yi wa ɗaliban jami'a gadaje da tebura. Bai yi aure ba. Tun rasuwar mahaifiyarsu shi ke riƙe da ƙanensa Absalom, wanda ya kai arba'in amma bai taɓa kallon mutum cikin ido ba. Wuni yake a bakin shago yana jera ƙusoshi. A garinsu an ce iska ce, an sha kai shi addu'a.

Wata Talata wata mata ta zo, ta ce sunanta Dakta Aminat, malama ce a jami'a. Akwati take so mai ɗaki uku da ƙananan ƙofofi.

"Me za a sa ciki, Hajiya?"

"Ɓeraye."

Tana tafiya, maƙwabcinsa Hamajoɗa mai gyaran babur ya leƙo. "Ɓera da ɗaki uku? Ni dai ban yarda ba. Ka ga yadda take ta kallon ƙanenka?"

Apollos ya gani. Da ya gama akwatin bai aika ba, da kansa ya kai.

A gabansa ta sa wani farin ɓera cikin keji a ɗakin gefe na akwatin, ta saki wani a tsakiya. Nan take ya ruga yana shinshinar ɗan'uwansa. Na biyu da ta saki kuwa lungu ya nufa, ya juya baya yana ta goge fuska.

"Irin wannan muke nazari," in ji ta. "Muna son sanin abin da ke ƙwaƙwalwarsa har ba ya neman 'yan'uwansa. Akwai mutane haka, otizim ake kiran abin."

"Yaya kuke ganin ƙwaƙwalwar?"

"In mun gama, kashe ɓeran muke, mu ciro ta."

Ta rubuta suna a takarda ta miƙa masa. "Mutumin nan na shagonka, akwai likita a Yola da zai iya duba shi."

"Lafiyarsa ƙalau," in ji Apollos, amma ya karɓa.

Ya ƙara yi mata akwati huɗu. Duk ran da ya hango motarta, sai ya tura Absalom cikin gida. Bayan wata biyu ya hau mota zuwa Jimeta, ya kai wa yayarsu Fibi takardar, ita da ke aikin jinya.

"Ki bincika min mutumin nan a ɓoye. Idan likitan gaske ne, ni zan fara zuwa, ni kaɗai."